Ɓeran da Bai Taɓa Cin Geronka Ba

Malam,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ranka ma ba ka cika sauraren magana har ƙarshenta ba.

Garinmu Falanko lafiya. Gero ya yi, an cika rumbun da ka ɗora a kan duwatsu saboda ɓera.

Labarin ɗanmu Habu zan ba ka. Bayan mun yi bakwai ɗinka, ciwon da ka dawo da shi daga cin rani a Abijan ya tashi masa: kai kamar zai tsage, wuya ya ƙage, fata ba ta son ko riga. Na kai shi asibitin Damagaram. Lokotoro, likitan da ya duba ka, ya nemi abin da ya nema gare ka, wato ya ɗebi ruwan ƙashin baya da allura. Kai ka ƙi, ka ce gurgunta mutum take, ka dawo gida da ƙwayoyin zazzaɓi. Har ka sa na yi alkawarin ba za a yi wa ɗanka ba.

Na karya alkawarin, Malam, kuma ban yi nadama ba.

A ruwan nan aka gane ba sanƙarau ba ne. Wata tsutsa ce da ke zama a huhun ɓera, ta fito a kashinsa, dodon koɗi ya ci. Ƙaramin dodon koɗi ya maƙale a ganyen salati, mutum ya haɗiye shi ɗanye, tsutsar ta hau ƙwaƙwalwa. Habu ya ce a lambun da kuka yi aiki tare a Abijan haka kuke tsinka ku ci, ba wanki. Kai da kake yi wa mutanen bakin teku dariya don suna cin dodon koɗi? Kai da ka ƙare rayuwarka kana ɗana wa ɓera tarko?

Sun ba shi maganin kumburi da na tsutsa. Da kan ya matsa sai su sake rage ruwan, ya samu barci. Duk lokacin da suka lanƙwasa shi don yi masa allurar, ƙafafunsa nake kallo, maganarka na cikin kunnena. Tsoro kam na ji.

Na yi fushi da kai, ban taɓa faɗa ba. Taurin kanka ya bar ni da gona da marayu.

Jiya Juma'a Habu ya je kabarinka. Da ƙafarsa ya je, da ƙafarsa ya dawo.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta.

Matarka,
Hadiza