Sunan Da Gogo Ba Ta Faɗa Ba

Daga: Salih Badaru, tela,
Dar Salam, Omdurman.
20 ga Afrilu, 1998.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta,
Sashen Sauraron Koke-koken Matafiya,
Khartum.

Game da: Fasfon mahaifiyata, Rabi Jafaru, da abin da aka rubuta a fayil ɗinta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Yayana Habibu, ɗan farin mahaifiyarmu, shekara tara yana aiki a Atina, babban birnin Girka. A watan Janairu aka sanar da mu ciwon hantarsa ya tsananta, kuma yana roƙon a kai masa Gogo, kamar yadda muke kiranta. Mu ba masu hali ba ne. Na zaga kamfanonin tafiya na Khartum, na samo tikiti mafi araha: ta Alƙahira, da zaman jira na awa goma sha ɗaya, kuma ba a canza masa rana. Ranar tashi 14 ga Maris. Biza ta fito. Abokan aikinsa suka tanadar mata ɗaki kusa da asibiti. Ta daka kuka da daddawa ta ƙulle a leda.

2. Ranar 2 ga Maris muka zo neman izinin fita. Aka raba layin maza da na mata, aka hana ni binta. A taga ta huɗu ma'aikaci ya tambaye ta sunan wanda za ta je wurinsa. Ta ce yayan Salih ne. Ya maimaita har sau uku. Ta sunkuyar da kai.

3. Ranka ya daɗe, a wurinmu uwa ba ta ambaton sunan ɗanta na fari. Alkunya ce, da ita kakanninmu suka zo ƙasar nan a hanyarsu ta Makka. Sunan yana rubuce a takardar asibiti da ke gaban ma'aikacin. Bai duba ba. Ya rubuta da jan biro cewa mai neman izini ba ta san sunan ɗan da take iƙirari ba, ya riƙe fasfonta domin bincike.

4. Na dawo ranakun 4, 7, 9 da 12 ga Maris domin in yi bayani. Kullum sai a ce bukra, gobe. Ranar 14 jirgi ya tashi, Gogo tana zaune a tsakar gida da jakarta a ɗaure.

5. Habibu ya rasu ranar 2 ga Afrilu, aka binne shi a can. Ban yi kuka ba, har yau ban yi ba. Ina zuwa shago, ina ɗinki, ina komawa gida. Ban ma san ko fushi nake yi da ma'aikacinku ba, wallahi ko fuskarsa ban gani ba.

6. Ranar da labarin ya zo, Gogo ta miƙe. Ta shiga madafa ta kwance ledar kukar nan. Ina bakin ƙofa na ji ta kira sunan sau ɗaya, a hankali, yadda ake kiran mutum ya zo ya ci abinci. Shekarata talatin da huɗu, ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma abu biyu. Na farko, a mayar mata da fasfonta tare da izinin fita, ko Allah zai hore mana ta je ta ga kabarin. Ba na neman kuɗin tikiti. Na biyu, a soke layin nan na jan biro. Idan ofishinku na bukatar shaidar cewa ta san sunan ɗanta, ni ne shaida, kuma a shirye nake in rantse.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka cikin ladabi,
Salih Badaru