Haƙorin da Ke Cikin Aljihuna

Asabar, 4 ga Mayu

Yau Malama ta tuƙa keke ita kaɗai! Na riƙe mata sirdi daga bakin shagona har wajen falwayar lantarki, na saki ba ta sani ba. Ta tafi tana ta yi mini surutu, alhali ni ina can baya tsaye ina haki. Da ta waiwayo ta ga ba kowa sai ta kwarma ihu: "Kaka, ka yaudare ni!" Na yi dariya har sai da na zauna a bencin mai aski.

Wata biyu ina haɗa keken nan. Shekara arba'in ina gyara na mutane, ban taɓa goge waya ɗaya bayan ɗaya ba sai a wannan.

Shekara tara muka yi muna jiran jika, ga ta yau shekararta takwas, ita ce ma take gyara mini rubutu. Shi ya sa na sa mata Malama. Ni da na fara riƙe fensir ina da hamsin da biyu, a ajin yamma, ai dole in yi biyayya.

Da na rufe shago na buɗe gwangwanin facin nan na duba. Haƙoranta shida na famfara, kowanne a takardarsa da kwanan wata. Uwarta ta taɓa gani ta ce, "Baba, wannan ai ƙazanta ce, a zubar." Na ce to. Ban zubar ba. Yana can ƙarshen durowa bayan sukurori. Ni da Malama muka ƙulla, sirrinmu ne.

Litinin, 6 ga Mayu

Ta faɗi.

Bayan ta dawo daga makaranta ne. Taya ta shiga ramin da ke gaban shagon tela, bakinta ya daki kan keken. Jini har gaban riga. Haƙorin gaba na sama, babban, wanda ya fito bara, ya fita ɗungurungum. Na gan shi a ƙasa, da saiwa doguwa kamar ƙusa. Na ɗauka na naɗe a takarda na sa a aljihu. Ban ma yi tunani ba, hannuna ne ya saba.

Babanta, ɗana, yana kan hanya da babbar mota, sai sati mai zuwa. Ni da surukata, uwarta, muka kai ta wajen likitan haƙori a tasi. Suka shiga, ni na zauna a ɗakin jira. Ba a jima ba surukata ta leƙo da sauri: "Baba, kun ga haƙorin?"

Na ce, "Ban gani ba."

Ta koma ciki. Na ɗauka in na bayar kwandon shara za a jefa shi, kuma ta gane har yanzu ina tarawa.

An yi wa Malama ɗinki biyu a leɓe. Da muka dawo surukata ta durƙusa a bakin ramin nan tana tona ƙasa da yatsu har rana ta yi sanyi. Ban gane me za ta yi da shi ba. Wataƙila ta nuna wa mijinta. Na kusa yin magana, sai mai aski ya fito, na ji kunya.

Talata, 7 ga Mayu

Ba wanda ya ce laifina ne. Matata ma, tsohuwata da ba ta raga mini, cewa ta yi duk mai koyon keke sai ya faɗi. Na rataye keken a bayan shago.

Alhamis, 9 ga Mayu



Mun koma a duba ɗinkin. Wannan karon kujerar da na zauna ran Litinin wata mata ce a kai, sai na zauna a wadda ke kallonta. A bangon, daidai saman kan matar, akwai takarda babba da hoton kofi. Ni duk inda na ga rubutu sai na karanta, tun da na iya. Na bi shi a hankali da baki. Na kwafe shi a bayan katin asibiti:

"Idan babban haƙori ya fita saboda faɗuwa, kada a yar. A riƙe shi ta kai, ba ta saiwa ba. A saka shi cikin madara. A kawo shi da gaggawa, kafin awa ɗaya. Ana iya mayar da shi ya kama."

Na karanta sau uku ko na yi kuskure. Ban yi ba.

Ran Litinin ƙarƙashin takardar nan na zauna, na ba ta baya, haƙorin yana aljihuna, likita yana bayan ƙofa taku biyar. Ko rabin awa ba a yi da faɗuwar ba.

Shekarata saba'in da ɗaya ban taɓa jin haƙori ya fita ya koma ba. Amma ai ba a tambaye ni ko na sani ba. Tambayata aka yi ko na gani.

Juma'a, 10 ga Mayu

Na ɗaura wa wani sarƙa a baibai. Ya dawo yana faɗa. Yana da gaskiya.

Lahadi, 12 ga Mayu

Malama ta daina dariya da baki buɗe. Hannu take kaiwa ta rufe. Ta ce a aji wani ya ce mata "ƙofar gareji". Na ce ta nuna mini shi in sace masa iskar taya. Ba ta yi dariya ba.

Surukata kuma na ji ta a kicin tana gaya wa tsohuwata: "Da na tsaya na duba kafin mu tafi, Mama. Minti ɗaya kacal. Ni ce na ruɗe." Tsohuwata tana ba ta haƙuri. Ni ina tsakar gida ina wanke hannu da kananzir, na yi ta wankewa har fatar ta yi fari.

Talata, 14 ga Mayu

Babanta ya dawo. Ya ɗaga leɓen yarinyar ya duba. Daga baya na ji muryarsa a ɗakinsu, ƙasa-ƙasa, yana ce wa matarsa: uwa guda, a ce ba ki iya duba ƙasa ba. 

Na tari, na yi gyaran murya a bakin ƙofa. Iyakar jaruntata ke nan.

Alhamis, 16 ga Mayu

Yau ta zo shago ta zauna a kan tsohuwar taya tana juya feda da hannu. Na ce, "Malama, yau ba darasi?" Ta ce, "Kaka, ban faɗa wa kowa ba."

Na ce me?

"Na gan ka lokacin da ka ɗauka. Da likita ya ce in an samo zai mayar, na so in faɗa. Auduga ce cike da bakina. Kuma ai ka ce sirrinmu ne."

Ta faɗa tana kallona kamar mai jiran a ce ta kyauta.

Kwana goma yarinyar nan tana ɗauke da kayana. Tana jin ana yi wa uwarta faɗa, ta yi shiru saboda ni. Ni na koya mata wannan, tare da hawan keke.

Na ce ta je gida, ƙura ta shiga mini ido.

Asabar, 18 ga Mayu

Na tsara maganar a takarda sau huɗu. Duk wadda na rubuta sai in ga na cusa "ban sani ba" a ciki tun layin farko. Na yayyaga.

Laraba za su koma. Likita ya ce zai auna bakinta a yi mata haƙorin roba mai faranti, wanda ake cirewa a wanke, don kada sauran su matso su rufe gurbin. In ta girma, ƙashi ya gama ƙarfi, sai a dasa mata na dindindin. Shekara goma nan gaba. Na lissafa nawa shekarun, na rufe littafin.

Litinin, 20 ga Mayu

Na faɗa.

Da hantsi, suna tsakar gida su uku, tsohuwata da ɗana da surukata, Malama tana makaranta. Na ajiye gwangwanin a kan tabarma na buɗe takardar haƙorin. Na ce, "'Yata, kin tambaye ni, na yi miki ƙarya. Yana aljihuna tun a bakin ramin." Duk abin da na tsara ya gudu, wannan kaɗai ya fito.

Tsohuwata ta ce, "Kai tsoho! Kai tsoho, me ka yi haka?" Ɗana ya tashi ya fita, ya bar takalminsa ɗaya.

Surukata ta daɗe tana kallon haƙorin. Sannan ta ce, "Baba, ina tona ƙasa kuna tsaye." Ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga.

Na ce yarinyar ta sani, ni na sa ta yin shiru. A nan ne ta yi kuka. Ta naɗe haƙorin ta shige ɗaki da shi.

Talata, 21 ga Mayu

"Ina kwana, Baba." "Ga abinci, Baba." Shi ke nan abin da surukata ta ce mini. Ko gishiri bai ragu ba a miyar, ni ne na kasa ci.

Na ji ɗana yana ba ta haƙuri. Wannan ko ba komai.

Laraba, 22 ga Mayu

Na ɗauka ba za a tafi da ni ba. Ina buɗe shago sai ga ta da mayafi: "Baba, ku za ku yi wa likita bayani da bakinku."

Na yi. Mutumin yaro ne, bai kai ɗana ba, na tsaya gabansa kamar ɗan aji ɗaya. Ya saurara, ya juya haƙorin da ɗan hantsaki a ƙarƙashin fitila. Ya ce saiwar ta mutu, ba maganar dasawa. Na tambaye shi gaskiya tsakani da Allah, da na bayar ran nan fa? Ya ce, "Baba, da mun gwada. Wani yana kamawa, wani ba ya kamawa. Ba zan ce muku tabbas ba." Na so ya ce ba zai kama ba. Bai ce ba.

Amma ya ce kan haƙorin lafiya lau yake, ko tsaga babu. Maimakon na roba, zai iya yanke saiwar, ya wanke ciki ya cike, ya manna shi a jikin maƙwabtansa biyu da wani siririn zare mai ƙarfi ta baya. Nata ne, girmansa da launinsa, ba faranti a baki. Zai riƙe gurbin, ana dubawa lokaci-lokaci tana girma.

Na ce ashe faci ne. Ya yi dariya ya ce kusan haka. Surukata ba ta yi ba.

Kafin mu fita ya ce in buɗe nawa bakin. Na ce ni ba ni aka kawo ba. Malama ta ce, "Buɗe, Kaka, ba zafi." Ya leƙa ya ce akwai aiki: wanki, cike biyu, ɗaya kuma sai cirewa. Na ce sai na yi shawara.

Litinin, 27 ga Mayu

An saka! An saka! Awa ɗaya da wani abu tana kwance baki buɗe, ana haska mata wata shuɗiyar fitila don gam ɗin ya kama. Da aka ba ta madubi ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta yage mini baki har kunne. Ya ɗan fi ɗan'uwansa duhu kaɗan, sai wanda ya sani zai lura. Ni na sani.

Ba cizon abu mai tauri da gaba. Ba ɓare leda da haƙori. Buroshi safe da yamma, da zaren sakace ta ƙarƙashi. Nas ta rubuta, ni ma na rubuta nawa.

A tasi ta yi ta waƙa. Na ji daɗin da na rasa inda zan sa shi, sai kuma in tuna mataccen haƙori ne take murmushi da shi, kuma ni na kashe shi a aljihu.

Alhamis, 30 ga Mayu

Na sami katako na yi masa farin fenti, na kwafe maganar takardar asibitin da manyan baƙaƙe na kafa a gaban shago. Yara da yawa suna kawo keke nan. Malama ta duba ta ce na manta ƙugiya har wuri biyu, a "haƙori" da "riƙe". Na gyara. Mai aski ya ce yanzu kuma asibiti na buɗe? Na ce ya karanta dai, yana da jikoki.

Na cike ramin gaban shagon tela da tsakuwa.

Laraba, 5 ga Yuni

An wanke mini haƙora. Injin yana ƙara kamar ana goge rim. Ba don kowa na je ba, dama ɗayan yana damuna.

Surukata ta ce in kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Ita ta dafa ta kawo. Ba ta zauna ba.

Asabar, 15 ga Yuni

Ɗan ƙaramin na gefe da ya daɗe yana girgiɗi ya fita yau tana cin burodi. Na famfara ne, likita ya riga ya faɗa. Ta shigo shago a guje, hannu a dunƙule, tana raɗa: "Kaka, na bakwai! Ba wanda ya gani."

Na ce ta kai wa mamanta tukuna. Ta ce sirrin fa? Na ce an rufe wannan shagon.

Ta tafi tana kumbure-kumbure. Na ci gaba da facin da nake yi, ban sa rai da komai ba. Can sai ga ta ta dawo da 'yar takarda a naɗe, an wanke haƙorin tas, an rubuta kwanan wata a jiki. Ba rubutun Malama ba ne. Ta ce, "Mama ta ce a sa a gwangwanin, wai kada ya ɓata. Kuma wai a sauko da keken, amma a filin makaranta, tana kallo."

Rubutun nata ya fi nawa kyau nesa ba kusa ba.

Gwangwanin yana kan tebur yanzu, kusa da rediyo. Durowar ce ta cika da sukurori, ba wani abu ba.