Randa a Ɗakin Labo

Magarya, 4 ga Maris

Ƙawata Nazifa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigida da zafin Yamai.

Kayan labo, na gwajin kimiyya, da na yi shekara biyu ina roƙo sun iso: kwalbar dafa ruwa, ma'aunin zafi, da dogon bututun gilashi mai mayar da tururi ruwa, irin wanda muka koyi aiki da shi a jami'a. Direktanmu, Malam Bawa, ya jera su a armuwar, kabad ɗin makaranta, kamar kwanukan amarya, ya kulle. Wai gilashi ne, yara za su fasa. Kowace Litinin yana goge su da hannunsa.

Jarrabawar Bak ta gama sakandare saura wata uku. 'Yan ajina sun haddace yadda ake tace ruwa da tururi, amma ba su taɓa ganin ɗigo ɗaya ya faɗo ba. Ikram, wadda ke son zama injiniya, ta zana bututun a kife. Abin ya dame ni fiye da yadda na nuna.

Taki,
Hinda

Magarya, 27 ga Maris

Nazifa,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna?

Zance ya zaga gari cewa da kayanmu ake dafa giya. Iyayen yara suka zo, Alhaji Mas'udu a gaba, suka ce ko a nuna musu aikin abin ko a fitar da shi. Malam Bawa ya miƙo mini makulli.

Bututun na bukatar ruwan sanyi yana bi ta jikinsa, mu kuwa ba famfo. Na ɗora randa bisa tebur, na ja tiyo. Na dafa ruwan rijiyar nan mai ɗanɗanon kanwa, Ikram ta riƙe kofi, aji duka na leƙe. Alhaji ya kurɓa, ya ce ba giya ba ce, amma ruwa ne marar daɗi. Da na ce shi ake zuba wa batir, sai ya tambaya ko ana dafawa kullum.

Makulli yana jakata yanzu. Malam Bawa yana ta neman wanda ya ƙirƙiro zancen. Ni dai na san sau ɗaya na ambaci cewa da irin kayan ake dafa giya, a wurin kitso.

Ki gaida kowa.

Taki,
Hinda