Gangar da Ta Daina Ɗagowa

Litinin, 3 ga Maris, 2008

Anti Busola ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta yawan baron kashin shanu da na kawo. Na rubuta: uku. Sauran shafin nawa ne.

Wata biyar ke nan ina aiki a filin gwaji na jami'a, can bayan gonar dabbobi. Abin da ke wurin: allunan sola huɗu, akwatin gilashi na shanya tumatir, sai ramin gas. Ramin shi ne nawa. Ina dama kashin shanu da ruwa a wani kwami na siminti, ya bi bututu ya faɗa rami. A bakin ramin akwai gangar ƙarfe a kife. In gas ya taru sai gangar ta ɗago, a buɗe famfo a kunna murhu. Wuta shuɗiya, ba hayaƙi. Ranar da na fara gani na zaci wayo ake mana.

Anti Busola ɗaliba ce, shekararta ta ƙarshe. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa gudu. Kullum ƙarfe bakwai na safe tana auna tashin ganga da rula. Kwana sittin za ta yi a jere, da shi za ta rubuta aikin gama karatu. Yau kwana goma sha takwas. Ta ce in awon ya lalace, ita da fita sai wata shekara.

Alhamis, 6 ga Maris

Ganga ta yi sama sosai. Mun dafa ƙwai biyu a kai, ta ci ɗaya na ci ɗaya.

Talata, 11 ga Maris

A motar Samaru zuwa Sabon Gari wata mata ta ja gyale ta rufe hanci, ta tambayi kwandasta ko akuya ya saka a but. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Alhali sau biyu na yi wanka kafin in fito.

Wajen koyon waƙa a majami'a Martina, malamar firamare da muke waƙa tare, ta ce ranar Juma'a za ta kawo 'yan ajinta, aji biyar, su ga filin gwaji. Makarantarsu ta rubuta takarda an yarda. Ta ce, "Shekari, ai kai ne mai gida a can, ka nuna mana komai."

Ni kuwa abin da na faɗa mata tun farko, ina aikin sola. Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, ina share allunan da tsumma. Amma ban taɓa ambaton baro ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Da yamma bayan kowa ya tashi na gyara wurin. Shara, yankan ciyawa, na shafa wa duwatsu farar ƙasa. Kwamin da nake dama kashi ne dai ke wari, ga ƙuda. Na je wurin wata mai shara a ɗakunan kwanan ɗalibai ta ba ni galan na baƙin maganin nan da ake wanke bayi da shi, wanda in ya taɓa ruwa yake zama fari kamar madara. Na goge kwamin tas da buroshi. Na wanke bokitai. Ruwan wankin duka na tura shi ta bututu ya shiga rami, ragowar galan ɗin ma na bi da shi don warin ya mutu tun daga tushe.

Wurin ya koma ƙamshin asibiti. Na ji daɗi. In rubuta wannan don kada in yi wa kaina ƙarya daga baya: na ji daɗi.

Juma'a, 14 ga Maris

Sun zo, yara talatin da ɗaya. Na sa farar riga. Na ɓoye baro a bayan dalbejiya.

Murhu ya kama da gas ɗin jiya, yara suka yi tafi. Anti Busola ta tara su ta ce, a cikin ramin nan akwai wasu halittu ƙanana da ido ba ya gani, su ne ke cin kashin su fitar da gas. Wata yarinya mai wushirya ta ɗaga hannu ta ce, to suna mutuwa? Anti ta ce ƙwarai. Sanyi yana sa su kasala, amma maganin wanke bayi ko ruwan sabulu mai yawa, nan take yake gamawa da su.

Ina tsaye riƙe da ashana. Ban san yadda na mayar da ita aljihu ba.

Da za su tafi Martina ta zagaya bayan dalbejiya, ta tsaya kan baron. Ta ce, "Wannan ne naka? Don Allah in an kwashe takin ramin ka ajiye min buhu ɗaya, alayyafona ya ƙi girma." Na ce ashe kin sani. Ta ce, "Tun yaushe. Mahaifina shanu bakwai gare shi a ƙauye, kana tsammanin ban san warin a takalminka ba?"

Ta faɗa tana dariya. Ba komai ba ne a wurinta. Ba komai.

Litinin, 17 ga Maris

Ganga ta ɗago rabin yadda ta saba.

Laraba, 19 ga Maris

Ba ta ɗago ba ko kaɗan. Da, in na kara kunne a jikin ƙarfen ina jin ɓul-ɓul kamar tukunyar tuwo. Yau shiru. Ƙadangaren da ke zama bakin kwami yana kama ƙuda shi ma ya bar wurin.

Anti ta ce yoyo ne. Muka bi tiyo gaba ɗaya da kumfa muna neman inda gas ke fita. Ni na riƙe mata kwanon. Awa uku a rana. Na san babu yoyo.

Da muka gama ta zauna a kan bulo ta ce, "Shekari, kai ka fi kowa lura. Akwai abin da ya canza makon nan?" Na ce ƙila shanun ne aka canza musu abinci.

Kalmar tana bakina. Abin da na gani a gabana shi ne Dakta Mordecai, shugaban filin, yana miƙo hannu in ba shi makulli. Na ce bari in jira kwana biyu, ƙila wasu halittun sun tsira a ƙasan ramin.

Lahadi, 23 ga Maris

Ista. Na buɗe baki tare da mawaƙa, ban tabbata murya ta fita ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Dakta ya zo da kansa. Ya duba littafin awo ya ce Anti ce ta cika kashin shanu a haɗin, abin ya yi tsami. Ya yi mata faɗa a gabana, da Turanci, amma na gane inda ya ce sakaci. Ta ce ta bi ƙa'ida. Ya ce rami ba ya ƙarya.

Ta dawo ta sake lissafinta tun daga shafin farko, tana goge abin da ba kuskure ba.

Ina zuwa da asuba in ƙara ɗanyen kashi mai ɗumi ba tare da ta sani ba, ko halittun za su farfaɗo. Mama takan ce haƙurina ya yi yawa, ko kaza ce ta hau tabarmata sai in jira ta sauka. Da ina ɗauka yabo ne.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Sifili. Sifili. Sifili. Tana zuwa ƙarfe bakwai duk da haka, ta ɗora rula, ta rubuta. Yau ta kawo min ƙosai.

Litinin, 21 ga Afrilu

An liƙa sunayen waɗanda za su kare aikinsu a ƙarshen Mayu. Babu nata. Dakta ya ce awon kwana ashirin da tara ba ya isa, kuma lokaci ya ƙure a sake. Sai baɗi. Ƙawayenta za su tafi bautar ƙasa su bar ta.

Ba ta yi kuka a wurin ba. Ta ce min mamanta ta riga ta sayi ankon bikin gama makaranta, ta raba wa matan layinsu a kasuwar Sabon Gari. Shuɗi mai zanen ganye. "Yanzu yaya zan ce musu? In ce kashin saniya ne ya kayar da ni?" Ta yi wata 'yar dariya.

Na je bayan dalbejiya na tsaya. Ban yi komai a can ba, tsayuwa kawai.

Laraba, 30 ga Afrilu

Dakta ya ce a kwashe ramin a sake sabo. Muka ɗage ganga, na shiga da bokiti, Anti tana karɓa daga sama. Da muka kai ƙasa warin ya taso. Ba na kashi ba. Har yanzu yana nan, bayan mako bakwai.

Ta shinshina bokitin sau biyu. Ta dube ni daga sama. Ba ta tambaya ba.

Daga cikin ramin na faɗa mata, taɓo har gwiwa. Galan ɗin, buroshi, yaran makaranta, matar cikin mota, Martina. Duka.

Sannan ta ce, "Yaushe ka gane?" Na ce ranar da yarinyar nan ta yi tambaya. Ta ƙirga da yatsu. Ta ce da na faɗa a ranar, da mun kwashe, mu je kwata mu ɗebo abin cikin tumbin saniya mu zuba, a kwana goma ramin ya tashi. Ta sake kwana sittin ɗinta, ta gama kafin ƙarshen Mayu. "Har ma in rubuta shi a cikin aikin, in ce ga abin da ya faru ga yadda muka gyara. Maganin nan kwana goma ya ci min, Shekari. Shekarar kai ka cinye ta."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min.

Ta ajiye bokitin ta ce ita ba za ta kai ƙarata ba. In ina so Dakta ya sani, ƙafata ta san hanyar ofis.

Juma'a, 2 ga Mayu

Na je. Na ajiye makulli a kan teburinsa kafin in fara magana, don kada ya sha wahalar tambaya.

Ya saurara har ƙarshe. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce, "Wata nawa kana ciyar da ramin nan?" Na ce bakwai. Ya ce, "Kuma babu wanda ya taɓa gaya maka yana da rai." Ban gane ko ni yake tambaya ba.

Na roƙe shi a mayar da sunanta. Ya ce takardar ta wuce hannunsa tun makon jiya. Ya ce zai nemi gafararta kan kalmar da ya faɗa mata. Ya turo min makullin da bayan biro.

Ke nan abin da na ji tsoro bai faru ba. Wanda ban yi tunaninsa sosai ba shi ya faru.

Talata, 13 ga Mayu

Na kai wa Martina buhun taki daga tsohon tulin bara, ba na ramin ba. Na ba ta labari. Ta ce, "Saboda ni?" Na ce saboda ni ne. Ta nuna min inda zan sauke buhun.

Na ga wata mata a bakin kasuwa da atamfa shuɗiya mai ganye. Ƙila ba ankon ba ne. Na canza hanya.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ganga tana tashi. Anti ta sake ƙirga daga ɗaya, yau kwana tara. Tana gaishe ni, tana faɗin lamba, ina rubutawa. Ba ƙosai. Ban sa rai ba.

Jiya na ga wani ɗan tabon tsatsa a gindin famfo, bai kai ƙwayar gero ba. Tana isowa na faɗa mata kafin ta sauke jaka. Ta duba ta ce ba komai ba ne. Ta ɗan tsaya, ta ce, "Amma ka kyauta."

Yau 'yan wata sakandare sun zo, Anti tana aji, Dakta ya ce in yi musu bayani. Na tura baro gabansu na ce daga nan abin yake farawa. Wasu suka toshe hanci. Na ce ku toshe, amma ku ji: ramin nan yana da rai, kuma kafin in nuna muku wuta zan fara gaya muku abin da ke kashe shi, don ni na taɓa kashe shi. Ban shirya faɗin haka ba.

Baro uku. An yi ruwa da la'asar. Daga nan na wuce koyon waƙa, sai a cikin mota na lura ban canza riga ba. Mantuwa ce, ina jin.