Goran Haladu

Asabar, 9 ga Yuli, 1977
Kwana uku ke nan da Haladu ya dawo hutu, ban ga ya buɗe littafi ko ɗaya ba. A takarda kaɗai nake iya sa sunansa. Ɗan fari ne, bakina bai taɓa faɗa ba. Baɗi zai zauna jarrabawar fita, amma hankalinsa na bakin dam. Tun da aka datse kwazazzabon da ke tsakanin duwatsun nan biyu, yaran Roni suka lalace. Rafin da muke tona yashinsa mu ɗebi ruwa da ƙoƙo, yau ba a hango ƙarshensa. Hanyar da nake bi zuwa wurin mahaifiyata, Inna Dela, tana ƙarƙashin ruwan. Kan goruba kawai ya rage a waje.

Talata, 12 ga Yuli
Ƙanwarsa Saude ta tona asirin. Wurin Dunoma yake zuwa, wani masunci mutumin Barno, yana koya masa hawan gora a ruwa. Wai ya kifa ciki a kai yana wutsil-wutsil kamar kwaɗo. Ɗan malaman makaranta! Na ce, "Kai, don wannan aka kai ka sakandare?" Ya ce, "Iya, ai har a littafinmu akwai dalilin da ya sa gora ba ya nutsewa." Littafin da bai buɗe ba. Na hana shi fita.

Juma'a, 15 ga Yuli
Na kai ƙara wurin mahaifinsa. Malam ya ce, "Ruwa ya zo garinmu ya zauna, dole wani ya san shi." Wani dai, ba nawa ba. Mu mutanen tudu ne. Bara wani makiyayi ya bi tsohuwar hanya da shanunsa don yana ganin ya san ta. Kwana biyu ana nemansa. Na ga uwarsa a bakin ruwan. Ba na son tunawa.

Laraba, 20 ga Yuli
Na tsinci wandonsa a jiƙe a bayan rumbu. Ga rashin jin magana, ga ɓoye-ɓoye. Na yi masa faɗa tun daga la'asar har tuwo ya kusa kamawa. Kansa a ƙasa, "To, Iya." Wannan "to" ɗin ta fi gardama ciwo.

Lahadi, 24 ga Yuli
Na je da ƙafata. Duwatsun sun miƙe kamar bango, ruwan kore shar, ba a ganin ƙasa. Inda muke shanya wanki a kan falalen dutse, yanzu kifi ke wucewa. Na sami goransa a tsagar dutse, na ɗauki wani ƙaton dutse zan fasa. Dunoma ya durƙusa ya ce, "Malama, goran bai yi laifi ba. Yaron kuma, wallahi, ruwa na jin maganarsa." Na ce tawa ce ba ya ji. Ban fasa ba, don kada a ce na yi abin kunya a gaban baƙo. Na ɗauko goran a ka kamar mai tallar nono, na kulle a ɗakin hatsi.

Alhamis, 28 ga Yuli
Yana karatu. Fushi yake da ni. Oho.

Alhamis, 4 ga Agusta
Da hantsi ƙanena Daudu ya hau dutsen tsallake yana ƙwala kira: Inna ba lafiya, ni take nema. Hanyar zagaye ruwan sama ya yanke ta, ba mota sai jibi. Dunoma ya kai kifi Kazaure, ba mai ƙetarar da ni. Na tsaya tsakar gida. Yaron ya dubi ƙofar ɗakin hatsi. Ni na buɗe.

Ya ɗaura ni a babban goran Dunoma da ɗankwalina, ya hau nasa yana ja na da igiya. "Iya, kada ki dubi ƙasa. Ki dubi dutsen can." Muna daidai kan gorubar iska ta taso, goran ya karkata, ruwa ya shiga hancina. Sai na ji muryata ta ce, "Haladu!" Da ƙarfi. Har dutsen ya maimaita, ko kunya babu. Ya juyo, ya riƙe ni da hannu ɗaya. "Ina nan, Iya. Saki jikinki."

Na saki.

Juma'a, 5 ga Agusta
Inna ta gane ni. Ta dubi jikan nata ta ce, "Mijina ne ya ƙetaro da ita? Ashe kana da amfani, raggo." Ya ce, "Tsohuwa, tashi in kai ki yawo a gora." Ta yi dariya har da tari.

Litinin, 8 ga Agusta
Inna ta cika da azahar, kanta a cinyata. Motar zagayen da aka ce jibi, sai yau ta iso.

Laraba, 17 ga Agusta
Mun dawo ta hanyar mota. Ba zan ƙara hawa abin nan ba. Maganata tana nan: jarrabawa ce gaba da komai, na kuma gaya masa shafi ashirin kullum kafin ya taka ko'ina. Ban ce ina ba. Goran yana rataye a zaure, don ɗakin hatsi ya yi ƙunci. Na ce wa Saude ta faɗa masa wando a kan igiya ake shanyawa, bayan rumbu fumfuna yake sawa.

Maganar sunan bai tayar ba. Ni ma.