Tukunyar Tace Hayaƙi

Zarƙa, ranar Lahadi

Abu Lais, mijina,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya zafin Dammam, ya ciwon bayan? Ɗanmu Lais na gaishe ka.

Motarmu ta faɗi gwajin hayaƙi, kuma sai ta ci shi za a sabunta lasisinta. In ba a sabunta lasisinta ba, iyaye za su janye yaran da nake kaiwa makaranta, ni kuwa da wannan aikin nake riƙe gidan nan.

Kai ka ce kada kowa ya taɓa ta sai ƙaninka Nayif. Tun tafiyarka yake canza min sensar oksijin, na'urar nan mai auna hayaƙin mota, wai jabu ake kawowa, fitilar gargaɗi kuma ba ta mutu ba. Na gaji, na kai ta garejin Abu Saƙar. Ya bar injin ya yi zafi, ya jona mita a sensar da ke gaban tukunyar tace hayaƙi, lambobi suna hawa suna sauka. Ya ce daidai. Ya jona a ta baya, wadda ya kamata ta tsaya cak, sai ga ta tana rawa kamar 'yar'uwarta. Ya ƙwanƙwasa tukunyar, fayau, ba komai. An kwashe cikinta an sayar, don akwai ƙarfe mai tsada a ciki. Sensa lafiyarta ƙalau, gaskiya take faɗa.

Ƙaninka ɓarawo ne, na kuma faɗa a gaban mahaifiyarku. Ka kira shi ka ci masa mutunci.

Matarka mai kewarka,
Rudaina, Ummu Lais

Zarƙa, ranar Alhamis

Abu Lais,

Ina fatan kana lafiya, tunda gaisuwa wajibi ce.

Nayif ya zo da kawunku. Na zuba gahawa, Nayif ya ajiye kofin a ƙasa, ya ce ba zai sha ba sai na saurare shi. Na saurara. Ashe kai ka kwanta ƙarƙashin motar da kanka kafin tafiyarka, ka kwashe cikin tukunyar ka sayar, da kuɗin ka sayi tikitin jirgi. Ka rantsar da shi kada in sani. Shi ya sa bawan Allah yake ta sayo sensa daga aljihunsa, ina zaginsa yana haɗiyewa.

Da ka tambaye ni, wallahi da warwarona na zinariya zan tuɓe in ba ka. Yau na tuɓe su na sayar, Abu Saƙar zai sa sabuwar tukunya. Na kunyata a gaban danginka saboda kai, kuma ban yafe ba.

Na ba Nayif haƙuri, ya sha gahawarsa. Kai kuwa in ka dawo, ka hau tasi daga filin jirgi. Motata ba ta zuwa.

Rudaina