Tagar Baba

Pendeen, Maris 1974

Zuwa ga Yayata Loveday,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Kerensa da jikoki. Mu nan ruwan sama ne ba dare ba rana, gwiwoyina kuwa sun fi rediyo sanin hadari.

Ga hoton da kika dame ni a kai, ɗakin injin Wheal Tamsin, inda Baba ya ƙare ƙarfinsa yana janye ruwa daga ramin kuza. Na gama yawon da na ɗora wa kaina, duk ɗakunan injin da suka saura daga nan har Camborne na ɗauke su hoto. Na kai wa kwamitin adana kayan tarihi hotunan don a gyara gine-ginen, suka ba ni shayi, suka ce, "Aiki ya yi kyau, baɗi za mu duba." Tun ina da baƙin gashi nake jin wannan baɗin. Kafin su duba, wani manomi ya kwashe duwatsun ɗaya ya gina wa aladunsa ɗaki. Na gaji, Yaya.

Ƙanenki,
Denzil

Kadina, Ostareliya, Afrilu

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. To, wannan ɗakin inji ne ko kurmi? Ganyen nan mai hawa bango ya rufe komai, sai kan bututun hayaƙi ke leƙowa kamar wuyan kwalba. Ina tagar Baba? Ta tsakiya nake nufi, mai kallon hanya, inda yake kaɗa mana jan hankici in ya hango mu da abincin ranarsa. Kai ba ka tuna ba, goye nake da kai, kana zuba min yawu a wuya. Ka ɗauki zarto ka yanke ganyen, ka sake ɗauka. Mutum da kyamara mai ƙafa uku ya aiko min da hoton ciyawa!

Yayarka

Pendeen, Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki. Daga bakin duniya kina ba da umarni kamar jiya kika tafi. Ganyen nan ba ado ba ne. Farar ƙasar da ke tsakanin duwatsun ta zama gari tuntuni, saiwarsa ce ta shiga ta maye gurbinta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, yanzu kuwa ƙadangaren ne ke riƙe da bangon. In na yanke, zai bushe ya saki. Ba a taɓa shi sai magina na tsaye da kwaɓinsu a hannu, kowa a nan ya san haka. Ki yi haƙuri kwamiti ya zo.

Denzil

Kadina, Yuni

Auta,

Ina amsawa. Ba ni da baɗi. Likita ya ce idon hagu ya tafi, na dama kuma da ƙyar zai kai Kirsimeti. Ban so faɗa maka ba, don na san halinka, sai ka zauna ka ƙi cin abinci. Ka bar zancen ganyen, ka fi ni sani. Kawai dai na so in ga tagar.

Loveday

Pendeen, Agusta

Yayata,

Sannu, Allah ya sawwaƙe. Ga tagar. Na yanke saiwar, na jira ganyen ya bushe, na yaye shi da ƙugiya. Perran mai kiwon tumaki ya wuce ya same ni a kan tsani, ya ce, "Denzil, tsufa ne ko giya?" Na ce, "Duka biyun, riƙe min tsanin." Na ɗaura jan hankici a bakin tagar. A hoton baƙi ya fito, amma ja ne.

Ƙanenki

Kadina, Satumba

Auta,

Na gani! Da madubin ƙara girma, a bakin ƙofa da tsakar rana. Har ƙusar da yake rataye hularsa na gani, ko kuma zuciyata ce ta ƙara. Na yi kuka har Kerensa ta ce zan ƙarasa idon. Allah ya yi maka albarka, mai taurin kai.

Yayarka

Pendeen, Fabrairu 1975

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na ji yanzu Kerensa ke karanta miki wasiƙu, Allah ya saka mata. Hunturu ya yi tsanani, iskar teku ta yaye rufin coci. Wheal Tamsin na nan tsaye, bututun hayaƙinsa ko gezau.

Naki,
Denzil

Kerensa, 'yata, wannan naki ne, kada ki karanta a fili. Bangon tagar ya zube watan jiya. Da safe na je na tarar da tsibin duwatsu, hankicin na ƙarƙashi. Washegari takardar kwamiti ta iso, wai bana sun shirya. Na ɗauki kyamara har bakin wurin, na kasa buɗe ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma da za a maido ni baya, zan sake yankewa.

Kadina, Maris

Auta,

Kerensa ke rubutawa, ni ke faɗa. Yarinyar nan ta kai sunanka ta tsaya, na ji ta ninke takardar da sauri. Ido na rasa, ba hankali ba. Kuma tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya sai ka yabi abin da ba a tambaye ka ba. Wa ya tambaye ka bututun hayaƙi? Bangon tagar ya zube, na sani.

Kada ka ɗauki hoton abin da ya saura. Ka je ka tono min dutse ɗaya daga bakin tagar, ƙarami, wanda ba zai karya bayan mai kawo wasiƙa ba. Yanzu da hannu nake gani. Ka ci abinci.

Yayarka har abada,
Loveday